Bokiti Na Biya, Rariya Aka Ba Ni

"Malam, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Amsar da na samu ke nan daga bakin mutumin da na tura wa naira miliyan tara da dubu ɗari huɗu kwana goma sha ɗaya kafin ranar. Yana zaune a farar kujerar roba ƙarƙashin rumfar kwano, carbi a dama, waya a hagu, yaransa na gefe suna 'yar dariya don maigida ya buga karin magana. Motar da ya sayar mini kuwa tana can bakin garejin makaniki, inda janwe ya sauke ta daga hanyar Zariya.

Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi inda yake baje motocinsa ba. In na kama suna, sauran ire-irensa za su sauke ajiyar zuciya su ce ai da wane ake. To da su duka nake.

Bari mu tsaya a kan rariyar nan tukuna, tunda ita ya zaɓa. Rariya ba ta taɓa yaudarar kowa ba. Hujojinta a fili suke, makaho ma in ya shafa zai ji su, kuma saboda hujojin ake sayenta. Ni bokiti aka nuna mini, kirarin bokiti aka yi mini, kuɗin bokiti na biya. Har yau saƙon da dillali ya turo mini ta WhatsApp yana cikin wayata: sabuwar shigowa, fentin kamfani, ba ta taɓa karo ba, inji da giya lafiya lau, ka zuba mai ka kama hanya. Na zuba mai na kama hanya. A rana ta tara, muna tafiya ɗaurin aure ni da iyalina, muna wuce Kwanar Ɗangora giya ta ƙi canzawa, gilasan ƙofa suka fara sauka da kansu, fitilun gaban direba suka kama walƙiya, sannan komai ya ɗauke. Awa huɗu muka yi a bakin titi da yara uku, rana na dukanmu.

Washegari mai wayarin ya ce, "Yallaɓai, bari in ɗaga kafet." Yana ɗagawa sai ga busasshen taɓo, ja, irin wanda babu shi a ƙasar Kano. Ƙarafan ƙarƙashin kujera sun ci tsatsa. Bakunan wayoyi sun yi kore shar kamar tsohon kwabo. Da ya kwance gilashin mita ya leƙa, sai ya kira ni in gani da idona: ƙaramar fitilar nan da ke kunnuwa in inji na da matsala, an liƙe bayanta da baƙin salatif. Abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, an fasa an kwashe an mayar da walda. Wani yaronsa mai ilmin waya ya kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi goma sha bakwai ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, muka biya 'yan dubbai aka ciro mana tarihin motar. Ga hotunanta a filin gwanjo a kudancin Amurka, ga alamar inda ruwa ya tsaya a jikin ƙofa. Mitarta a can ta nuna mil 203,000. A hannuna mil 88,000 take nunawa. Mota ta haye teku ta dawo yarinya.

Duk mai harkar mota ya san yadda abin yake. In ambaliya ta cinye gari a Amurka, kamar yadda guguwar Harvey ta yi wa Houston a Agustan 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, ko Ian da ta daki Florida a Satumban 2022, kamfanin inshora kan biya mai mota, a buga wa takardarta tambarin cewa ta lalace, a tura ta gwanjo a kan kuɗi kaɗan. A can ba ta da kasuwa, don tambarin na bin ta duk inda ta je. Da zarar ta hau jirgin ruwa, tambari ya zama tarihi. Ta sauka Tin Can a Legas ko Kwatano, a wanke, a busar, a fesa turare, a kira mai mayar da mita baya. Ruwan da ya shiga wayoyi ba ya nuna kansa ran farko. A hankali yake ci, wata ɗaya, wata uku, sai ranar da kake tsakiyar daji da iyalinka.

Ba laifi ba ne a sayar da motar da ta sha ruwa. Akwai mai son ta don ya kwance ya sayar da kayanta, akwai mai wayarin da zai saye ta da araha ya zauna ya bi ta waya-waya. Faɗa masa kawai. Abin da aka yi mini sunansa algus, kuma in an canza masa suna zuwa "harka" bai fasa zama algus ba.

Amma ba mai motar ne ya fi ƙona mini rai ba. Shi ya ci riba, dole ya kare cinsa. Waɗanda suka sa na kasa barci su ne nawa. Kawuna, mutumin da nake jin nauyinsa, ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka ɗauka ƙaddara ce. Wani a hatsari ya rasa tasa har da ransa." Abokin aikina ya ce ai mota sa'a ce, kamar aure. Maƙwabcina ya ba ni shawarar da ya ga ta fi kowace hikima: in sa a lallaɓa ta, a mayar da salatif, in kai ta wani gari in sayar. Wato in nemi wani bawan Allah da ya sayar da filinsa kamar yadda na sayar da nawa, in juye masa wutar. Ya faɗi haka ne bayan mun fito daga sallar Isha'i, takalmansa ma bai gama sawa ba.

Na ce wa Kawu, cikin ladabi, ambaliyar Amurka ƙaddara ce, na yarda. Salatif ɗin kuwa hannun mutum ne ya yanko shi ya liƙa.

Mun mayar da haƙuri ma'aikacin macuta. Kalma ce mai daraja, ita ake faɗa wa wanda ya binne ɗansa, amma yau ita ce abu na farko da ake jefa wa duk wanda aka zalunta, tun kafin a tambayi azzalumin komai. Ka lura da taron sulhu a garin nan: mutum goma za su kewaye wanda aka cuta suna ba shi baki, wanda ya yi cutar na gefe yana danna waya. In ka dage, kai ne mai taurin kai, kai ne ba ka yarda da ƙaddara ba, kai ne ɗan boko mai son shari'a. Kunya kuma ta ƙarasa aikin, don babu magidancin da ke son a ji cewa an yi masa wayo. Da haka ake ta cin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya haɗiye tasa, kowa yana zaton shi kaɗai ne wawa.

Abin haushin, masu ce mini in bar wa Allah ba su ko tsaya sun duba abin da addinin ya ce ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji an jero haramcin ha'inci da yaudara da ɓoye aibin kaya, ya kuma ji cewa wanda ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Hadisin tarin hatsi yana cikin Sahihu Muslim, yara ma sun san shi: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannu cikin tarin abincin da ake sayarwa ya ji danshi, mai kaya ya ba da uzurin ruwan sama, aka tuhume shi don me bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, aka kuma barranta daga mai algus. Jiƙaƙƙen kaya a ƙasa, busasshe a sama. Da na tuna wannan ina tsaye a kan kafet ɗin motata, sai da tsigar jikina ta tashi.

Akwai ma wanda ya fi wannan kama da cinikin mota. An hana mutum ya ƙi tatsar raƙumarsa ko tunkiyarsa na kwanaki don hantsa ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wanda ya saya aka yi masa haka, an ba shi zaɓi bayan ya tatsa ya gane: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha, a wata riwaya har kwana uku. Dubi adalcin da ke ciki. Mai saye bai ci bulus ba, ya biya abin da ya mora. Mai sayarwa kuma bai tsira da cewa ai ka duba da idonka ba, don idon aka yaudara. Mitar da aka mayar baya ita ce hantsar da aka ɗaure. Yawancin malaman fiƙihu sun kuma rufe ƙofar da 'yan kasuwarmu ke son bi: sharaɗin "na sayar maka yadda ka gan ta, babu ruwana da aibinta" ba ya wanke mutum daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Wannan shari'ar Musulunci ke nan, wadda mai carbin nan zai rantse yana bi. Dokar ƙasa fa?

A ƙasan rasit ɗin da ya ba ni an buga da jan tawada cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, ba a kuma mayar da kuɗi. Da shi ya yi ta kaɗa mini hannu kamar aya. Wannan layi bai kai darajar tawadar da aka buga shi da ita ba. Tun farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja a 1992. Sashe na 131 ya ce haƙƙin mai saye ne ya karɓi kaya mai inganci, mai aiki yadda ya kamata, marar aibi, wanda zai yi ƙarko daidai gwargwado. Sashe na 132 ya ce wannan alkawari yana cikin kowane ciniki ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma cikin wata uku da karɓar kaya, in bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, mai saye na iya mayar da shi ba tare da tara ba, ɗawainiyar mayarwar ma a wuyan mai sayarwa take, shi kuma dole ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Sashe na 125 ya haramta yi wa kaya kirarin ƙarya. Sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da doka ta ba shi, to ina jan layin rasit ya tsaya? Sashe na 145 kuma, wanda ya fi burge ni, ya ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa: in an ce kayanka na da aibi, kai za ka tabbatar da cewa lafiyarsa ƙalau. Hukuncin da ke sashe na 155 ga mutum ɗaya ya kai ɗaurin shekara biyar, ko tarar naira miliyan goma, ko duka biyun.

Shekaru nawa ke nan doka na zaune, mu kuma muna ta ba juna haƙuri. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kuma gugan har da mu masu rubutu da masu magana a rediyo. Awa nawa ake kashewa kullum a kan wane ya sauya sheƙa, wance ta mayar wa wance martani? Minti nawa aka taɓa ba sashe na 132 da harshen da mai sayen babur a Wudil ko mai sayen firji a Sabon Gari zai gane? Ni kaina sai da wuta ta kama gemuna na je na karanta.

Ba na cewa dokar tamu ta kai inda ake so. A Birtaniya, dokarsu ta haƙƙin mai saye da ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2015 ta fi tamu kaifi. Ka sayi mota a hannun dila, sabuwa ko ta hannu, ka tarar da aibi cikin kwana talatin, kai ke da ikon cewa ba ka so, a ba ka kuɗinka cif, babu wanda zai tilasta maka karɓar gyara. Bayan kwana talatin dila na da damar gyara sau ɗaya tak. In gyaran bai yi ba, ka mayar ko a rage maka kuɗi. Cikin wata shida na farko kuma ana ɗauka cewa da aibin aka sayar maka, sai in dila ya tabbatar da akasin haka. Afirka ta Kudu wata shida ta ba mai saye a dokarta ta 2008. Mu aka ba mu uku. To amma ukun ma wa ya taɓa amfani da su? Mutumin da bai ci tuwon da ke gabansa ba, ba shi da bakin ƙorafin miya ta yi kaɗan.

Na san abin da masu sayar da motoci za su ce, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Mota 'yar Kwatano ba sabuwa ba ce. Ta yi shekara goma ko sha biyar a hannun wasu. Wanda ya saye ta ya dawo bayan wata biyu yana kukan taya ta suɗe, ko birki na ƙara, ko batir ya yi sanyi, neman rigima yake, kuma doka ba ta ce tsohuwa ta zama budurwa ba. Akwai kuma masu saye marasa tsoron Allah: ya tuƙa mota ba ruwa a lagireto, inji ya buga, ya dawo yana ihun an cuce shi. Akwai dilolin da su ma a Legas aka rufe su. Duk na yarda. Na kuma san dilolin kirki, har da wanda ya taɓa hana wani abokina sayen mota a wurinsa ya ce wannan ba ta iyali ba ce. Amma wanda aka rufe a Legas ya koma Legas ya nemi haƙƙinsa. Ba ni na cuce shi ba, don me zan biya masa? Kuma in ba ka san tarihin motar da kake sayarwa ba, alhali 'yan dubbai da minti biyar sun isa a ciro shi daga Carfax ko makamancinsa, da wane baki ka rubuta "ba ta taɓa karo ba"?

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Da yamma na je dubawa, rana ta yi sanyi, lokacin da kowane fenti ke kyau. Ban sa an jona mata kwamfuta ba. Makanikin da na tafi da shi ya buɗe gaba, ya saurari inji, ya zaga da ita layi biyu, ya ce, "Oga, wannan ko ni na samu ina so." Daga baya na ji cewa shi ma an ba shi na goro ta bayan fage. Sakacina ya jawo mini wahala, amma sakacin mai gida bai taɓa halatta wa ɓarawo kaya ba.

Ga abin da na yi, ko zai amfani wani. Abu na farko, na ajiye motar. Ban ƙara tuƙa ta ko taku ɗaya ba, ban kuma bari an kwance wani abu bayan abin da mai wayarin ya buɗe ba. Wannan ma a fiƙihu na fara jin sa: wanda ya gane aibin dabba ya ci gaba da hawanta ba da larura ba, ana ɗaukar sa ya yarda da ita. Dila kuma ba abin da yake jira kamar ya ji makanikinka ya sauke giya, sai ya ce ku kuka ɓata. Na ɗauki hoton taɓon da salatif ɗin da mitar. Na buga tarihin motar a takarda, na haɗa da saƙon dillali da shaidar tura kuɗi ta banki. Na rubuta wasiƙa shafi ɗaya mai kwanan wata, ba zagi ba roƙo: na sayi mota ranar kaza a kan kuɗi kaza bisa siffa kaza, na tarar da kaza da kaza, na ƙi ta, ina neman kuɗina cikin kwana goma sha huɗu. Na sa janwe ya kai masa ita har ƙofar wurinsa, na miƙa makulli gaban shaidu biyu, na ɗauki hoto.

Sai salo ya canza. Rariya ta ɓace, aka shiga wani babi: "Malam, ai motar ba tawa ba ce, ajiya aka kawo mini. Mai ita yana Kwatano." Duk wanda ya taɓa mayar da mota ya san wannan waƙa. Ran karɓar kuɗi motarsa ce, sunan kamfaninsa ne a kan rasit, asusunsa aka tura wa. Ran mayarwa sai ta zama marainiya. Na ce, "Alhaji, ban san kowa a Kwatano ba. Kai na sani, kai ka sallama mini." Daga nan aka koma tayin gyara, wai a kai wa mai wayarinsu. Motar da ta kwana cikin ruwa ba ta gyaruwa da canza waya biyu, kuma ko ta gyaru, mil dubu ɗari da goma sha biyar da aka sace daga mita wane makaniki zai mayar? Daga nan aka ce in ƙara miliyan biyu in ɗauki wata. Wato in sake zura hannu a ramin da maciji ya sare ni, in kuma biya kuɗin shiga.

Mutane da yawa sun ce in kai shi wurin 'yan sanda a kulle shi kwana biyu, kuɗi za su fito. Na ƙi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma mun san yadda irin wannan kan ƙare: kowa ya kashe kuɗi, a rubuta takardar biya kaɗan-kaɗan, magana ta mutu a kan tebur. Gaskiya ne yaudara laifi ce a Final Kod, sashe na 320 ya fayyace ta, kuma mayar da mita baya ya shiga ciki. Amma ni kuɗina nake so, kuma ina so in karɓe su ta ƙofar da doka ta buɗe, wadda ta ce mai saye na iya fara tunkarar wanda ya sayar masa, ko ya kai ƙara hukumar FCCPC, ko ya tafi kotu kai tsaye. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare masu saye. Da kwana goma sha huɗu suka cika, na biya lauya ya rubuta wasiƙa ta biyu, ya jero sassan nan, ya aika kwafi ga shugabannin 'yan kasuwar wurin.

A nan ne na ga abin da ya ƙara tunzura ni. Mutumin da ya yi mako uku yana yi mini karin magana, takarda ɗaya mai hatimin lauya ta sa ya kira ni da kansa, har da "ranka ya daɗe". Ashe ya san bai da gaskiya tun ran farko. Lissafi kawai ya yi: cikin mutum goma da zai yi wa haka, tara za su ji kunya, ko su ji maganar kawunsu, ko su mayar da salatif su tura wa na gaba. Na goman, in ya dage, sai a ba shi kuɗinsa, ribar taran ta rufe. Haƙurinmu yana cikin jarinsa, ya riga ya sa shi a lissafi kamar kuɗin kwastan.

Kuma a wane zamani? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kuɗin mota ya bi ta. Motar da ma'aikaci ke saya da adashin shekara biyu, yau sai ya haɗa da fili ko gadon uwarsa. Wanda ya sayar wa irin wannan mutum motar ruwa, guminsa na shekara ashirin ya kwashe. Wanda ya cire jakar iskar da ke tare direba ran hatsari ya cusa tsumma ya liƙe fitilarta, wannan kuma da ran mutane yake ciniki. A hakan ake so in yi murmushi in ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Abin da nake nema daga ƙungiyoyin masu sayar da motoci bai da yawa. Kowace mota a liƙa mata lambar shasi da tarihinta a gilashi, kamar yadda ake liƙa farashi. Kowane rasit ya ɗauki adadin da mita ke nunawa, da sa hannun mai sayarwa cewa gaskiya ne. A goge jan layin nan. A kasuwar shanu ta da, dillali shi ne jingina: in saniya ta fito ta sata ko mai ciwo, shi ake kamawa, don haka ba ya tsaya wa wanda bai sani ba, kuma da wannan amana ake cin la'ada. Dillalin mota na yau ya riƙe la'adar ya yar da amanar. Ya ci a wurin mai saye, ya ci a wurin mai sayarwa, ya ƙara nasa a kan farashi, ran da magana ta tashi ya ce shi haɗawa kawai ya yi.

An biya ni a kashi uku cikin mako bakwai. Na yarda aka cire dubu ɗari na kwana taran da na hau ta, sa'in dabinona ke nan, ban yi musu ba. Kuɗin janwe sau biyu da na lauya sun bi ruwa. Kawu har yau yana ganin na zubar da girma, in mun gaisa ba ya tambayar maganar. Motar kuwa, ranar Talatar da ta wuce na bi ta wurin a Keke Napep, na hango ta a sahun gaba, an wanke ta tana ƙyalli, an sa mata sabon kafet. Na rubuta wa shugabannin wurin takarda ta uku a daren, da lambar shasinta da hotunan gwanjon, na ajiye kwafi.

Saura naira dubu ɗari da hamsin, la'adar da dillali ya karɓa a hannuna a kan cinikin da ya warware. Ya daina ɗaukar wayata. Ranar Juma'a muka yi kiciɓis a ƙofar masallaci, ya kama hannuna da hannu biyu yana murmushi ya ce, "Haba Malam, har yanzu maganar nan ba ta wuce ba?"

Na ce, "Ba ta wuce ba. Litinin ina nan zuwa."